Gawar Matteotti da Shirun Sarkin Italiya

Ranar 30 ga Mayun 1924, Giacomo Matteotti, jagoran 'yan gurguzu masu sassaucin ra'ayi, ya miƙe a majalisar dokokin Italiya ya zayyana yadda 'yan Fasist suka yi amfani da duka da razanarwa a zaɓen watan Afrilu, ya nemi a soke sakamakon. Ranar 10 ga Yuni, wasu mutane ƙarƙashin Amerigo Dumini suka cusa shi a mota a birnin Roma. Sai 16 ga Agusta aka tsinci gawarsa a wani daji bayan gari.

Ya kamata wannan kisa ya zama ƙarshen Benito Mussolini. Sai ya zama mafarin cikakken ikonsa. Ta yaya?

Tun farko, ba da rinjaye ya hau mulki ba. Lokacin da Sarki Victor Emmanuel na Uku ya naɗa shi firaminista a Oktoban 1922, 'yan Fasist kujeru 35 kacal suke da su cikin 535. Manyan 'yan siyasa sun ɗauka za su hau shi su murƙushe 'yan gurguzu, sannan su sauka. Su ne ma suka taya shi zartar da dokar Acerbo a 1923, wadda ta ba duk jam'iyyar da ta zo ta ɗaya kashi biyu bisa uku na kujeru, muddin ta samu rubu'in ƙuri'u.

Bayan sace Matteotti, gwamnati ta girgiza, magoya baya suka fara ja da baya. A nan 'yan adawa suka tafka kuskure: suka ƙaurace wa majalisa, suna jiran sarki ya tsige firaministan. Sarkin kuwa, wanda ya fi tsoron yaƙin basasa da 'yan gurguzu fiye da Mussolini, ya yi gum. Zauren da suka bari ya zama nasa shi kaɗai.

Ranar 3 ga Janairun 1925, Mussolini ya tsaya a majalisa ya ce ya ɗauki alhakin duk abin da ya faru, ya ƙalubalanci mai ƙarfin hali ya gurfanar da shi. Babu wanda ya motsa. Daga nan dokoki suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. A Disambar 1925 aka mayar da shi shugaban da sarki kaɗai yake iya tuhuma. A 1926 aka maye gurbin zaɓaɓɓun magadan gari da naɗaɗɗu. Da aka harbe shi aka kuskure a Bolonya a ƙarshen Oktoban shekarar, ya samu hujjar da yake nema: aka rusa sauran jam'iyyu, aka rufe jaridun adawa, aka ƙwace kujerun waɗanda suka ƙaurace, aka kafa kotu ta musamman. Aka kama Antonio Gramsci, shugaban 'yan kwaminis, duk da rigar kariyarsa ta ɗan majalisa.

Na cikin gida ma ba su tsira ba, sai dai su da dabara aka bi da su. Roberto Farinacci, uban masu tsattsauran ra'ayi, ya rasa muƙamin sakataren jam'iyya a 1926 bayan an gama morarsa. Italo Balbo, wanda farin jininsa ya fara yawa, aka tura shi gwamnan Libiya, nesa da Roma.

Abin lura shi ne, ikon tsige Mussolini bai taɓa barin hannun sarki ba. Ranar 25 ga Yulin 1943, bayan Majalisar Ƙoli ta Fasist ta juya masa baya, sarkin ya sallame shi, ya sa aka kama shi a ƙofar gidansa. Abin da ya ƙi yi a 1924 ya yi shi cikin yini guda, amma bayan shekara 19, bayan mamayar Habasha, kuma sojojin ƙawance sun riga sun sauka a tsibirin Sisili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.