Sani Danja da Sauyin Ubangidan Mawaƙi

Mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum ba baƙin waƙa ba ne. A wannan yanki na ƙasar Hausa aka yi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Sa'idu Faru wanda ya waƙe Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Talatar Mafara, da kuma Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991. A zamaninsu makaɗin fada yana da ubangida sananne. Shi ke ba shi doki da riga da hatsin shekara, makaɗi kuwa ya tsare masa suna. Wanda bai samu zuwa fada ba sai ya jira rediyon Kaduna.

Wannan tsari ne kaset ɗin bidiyo ya girgiza. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin Hausa na farko a kaset. Kafin shekara goma ta cika, waƙa da rawa irin na fina-finan Indiya sun mamaye sana'ar, fiyano ƙirar Yamaha ya maye gurbin kotso da kalangu. Cikin samarin da wannan guguwa ta ɗaga akwai Sani Musa Danja, haifaffen Fagge a birnin Kano a 1973, wanda ya shiga fim a 1999. Shi da amininsa Yakubu Muhammad, mutumin Bauchi mai baiwar tsara waƙa, suka kafa kamfanin 2 Effects. A galibin fina-finan lokacin, muryar da ake ji daban, fuskar da ake gani daban. Danja kuwa ya haɗa duka: ya rera, ya taka, ya fito jarumi, ya kuma shirya fim da kansa, kamar yadda masu kallon Manakisa da Nagari da Wasiyya za su iya tunawa.

Abin lura, a shekarar da ya fara, wato ran 27 ga Oktoba 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, aka kuma sa ido ƙwarai kan tarukan kiɗa da gidajen kallo. Sai dai kaset ba ya neman dandali. Cikin aljihu yake shigowa, ya zarce ɗakin amarya, inda ƙaramin janareta ya wadatar. Mu da muke riƙe da alli a lokacin mun ga alamar a makarantunmu: yaron da ya kasa haddace jadawalin sau bakwai, da an tashi tara sai ka ji shi yana zubo waƙar fim tiryan-tiryan, ba tuntuɓe. Mun yi faɗa, mun yi horo, amma a zuci mun san ba ƙwaƙwalwar yaran ce ta gaza ba.

To wane ne ubangidan irin wannan mawaƙi? Ba sarki ba ne. Dillalan kaset ne na Ƙofar Wambai da Bata a Kano, a bayansu kuma matan aure da 'yan makaranta masu sayen kaset ko ɗaukarsa haya. Wannan 'yanci ne da Narambaɗa bai sani ba, amma 'yanci ne mai santsi. Masu satar fasaha sun riƙa kwashe ribar, sannan a 2007 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta ƙara matse sana'ar, har aka ɗaure mawaƙi Adam A. Zango saboda kundin bidiyonsa Bahaushiya, da yawa kuma suka yi ƙaura zuwa Kaduna.

Danja ya nemi wasu ƙofofin. Ya zama jakadan kamfanin waya na Glo, ya ƙetara fina-finan Kudu da Daughter of the River a 2012, ya kuma tsaya wa Shugaba Goodluck Jonathan da waƙa da tallar siyasa, abin da ya jawo masa tsangwama a Arewa a zaɓen 2015. A ganinmu nan ne ya fi kama da makaɗan dā, domin ya koma ga mai mulki yana waƙe shi. Bambancin shi ne, sarkin da Sa'idu Faru ya riƙa ya hau gadon Sarkin Musulmi a 1996 ya zauna har rasuwarsa a 2006, ubangidan Danja kuwa ƙuri'a ta sauke shi ranar 29 ga Mayu 2015.