Zanen motoci: Tafarkin da Jelani Aliyu ya bi

Zanen mota sana'a ce ta tsara siffar mota, ciki da waje, tun kafin a ƙera ta. Aikin ya bambanta da na injiniya, wanda ke kula da inji da ƙarfin ƙarafa.

Mai zane kan fara ne da fensiri da takarda, sannan ya koma kwamfuta. Daga nan sai a sassaƙa samfurin motar da yumɓu domin a ga yadda za ta kasance.

A arewacin Najeriya, wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Jelani Aliyu, ɗan asalin jihar Sakkwato, wanda aka haifa a Kaduna a 1966.

Karatu

Ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya kuma karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi.

A 1990 ya tafi birnin Detroit na Amurka da tallafin hukumar ba da guraben karatu ta jihar Sakkwato, inda ya karanta zanen motoci a makarantar College for Creative Studies.

Makarantun da suka yi fice a fannin sun haɗa da ArtCenter a Amurka, da Royal College of Art da Jami'ar Coventry a Ingila, da ta Pforzheim a Jamus.

Waɗannan makarantu kan buƙaci ɗalibi ya gabatar da tarin zane-zanensa kafin su ɗauke shi. Saboda haka matashi a Aujara ko Dutse da ke da wannan buri, abin da ya fi buƙata tun farko shi ne ƙwarewa a zanen hannu.

Aiki

Jelani ya kama aiki da kamfanin General Motors a 1994. Shi ne ya jagoranci zana jikin motar Pontiac G6, kuma zanensa ne aka zaɓa domin samfurin Chevrolet Volt da aka nuna a bajekolin Detroit a 2007.

Volt dai tana tafiya da batir, tana kuma da injin fetur da ke samar da lantarki idan cajin ya ƙare. An fara sayar da ita a 2010, aka daina ƙera ta a 2019.

A 2017 shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi shugaban hukumar NADDC mai kula da zane da bunƙasa motoci, muƙamin da ya riƙe har 2023.

Babban ƙalubale a gida shi ne ƙarancin guraben aiki. Masana'antar Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975, alal misali, harhaɗa motocin da aka zana a Faransa ta riƙa yi, shi ya sa masu wannan baiwa kan nemi aiki a ƙasashen waje.