Kashi 93 Cikin 100: Yadda Ma'aikatan Gidan Waya na Kanada Suka Samo Albashin Hutun Haihuwa

Ma'aikaciyar gwamnatin tarayyar Kanada da ta tafi hutun haihuwa a yau tana karɓar kashi 93 cikin 100 na albashinta. Babu wata dokar majalisa da ta yanka wannan adadi. Yana rubuce ne a cikin yarjejeniyoyin da ƙungiyoyin ƙwadago suke ƙullawa da gwamnati, kuma ya shiga aikin tarayya ta hanyar yajin aikin kwana 42 da ma'aikatan gidan waya suka yi a 1981. Tarihin adadin ya nuna cewa hutun haihuwa abubuwa uku ne da aka samo su a lokuta dabam-dabam: izinin barin aiki, tabbacin komawa, da kuɗin da za a ci abinci da su a tsakani. Na ukun ne ya fi wahalar samuwa.

Tun a 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a taronta na farko a birnin Washington, ta amince da yarjejeniyar da ta tanadi mako goma sha biyu na hutu, shida kafin haihuwa, shida bayanta, tare da tallafin kuɗi. A Kanada lardin Birtish Kolombiya ne ya fara yin doka a 1921, wadda ta hana a sa mai jego aiki har sai ta cika mako shida, amma ba ta ce a biya ta ko sisi ba. Ita kuwa gwamnatin tarayya ba ta ma ɗauki wannan a matsayin matsalarta ba, domin har zuwa 1955 ƙa'idojinta suna taƙaita ɗaukar matan aure aiki. Wadda ta yi aure ana sa ran za ta ajiye aiki, maganar hutu kuwa ba ta taso ba.

Sauyi na farko mai nauyi ya zo a 1971, shekara guda bayan hukumar binciken matsayin mata da Florence Bird ta shugabanta ta miƙa rahotonta. Dokar ƙwadago ta tarayya ta ba da mako 17 na hutu ba tare da albashi ba, da tabbacin cewa aikin mace zai jira ta. Aka kuma shigar da haihuwa cikin tsarin inshorar rashin aikin yi: asusun da ma'aikata da masu ɗaukar aiki suke zuba wa kuɗi zai biya mai jego kashi biyu cikin uku na albashinta har mako 15. Wannan dabara tana da hikima, domin ta ɗauke nauyin daga wuyan mai kamfani ɗaya ta raba shi a kan kowa, don kada ɗaukar mace aiki ya zama abin gudu. Sai dai an kewaye ta da sharuɗɗa. Makonni biyun farko ba a biyan komai. Akwai kuma ƙa'idar da ta wajabta wa mace ta nuna ta yi aikin mako goma a daidai lokacin da ta samu cikin, wai don kada wata ta shiga aiki da ciki saboda kuɗin inshora.

Wannan ƙa'ida ce ta kama wata ma'aikaciya mai suna Stella Bliss. Ba ta cika sharaɗin kuɗin haihuwa ba, sai ta nemi tallafin da ake ba duk wanda ya rasa aiki, tun da a shirye take ta koma aiki 'yan kwanaki bayan ta haihu. Aka hana ta, domin doka ta toshe wa masu ciki da masu jego wannan ƙofa a wannan lokaci. A 1978 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke cewa ba a nuna mata bambancin jinsi ba. A ganin alƙalan, an bambanta ta ne saboda ciki, kuma rashin daidaiton da ke nan daga halitta yake, doka ba ta ƙirƙire shi ba. Shekara guda bayan haka aka rage kuɗin inshorar zuwa kashi 60 cikin 100. Da kotu da majalisa suka juya baya, hanyar da ta rage ita ce teburin ciniki tsakanin ma'aikata da mai biyansu.

Lardin Kebek ne ya fara buɗe ta. A 1979 haɗin gwiwar ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnatin lardin, wanda ya tattara malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na ofisoshi, ya samu mako 20 na hutun haihuwa a kan kashi 93 cikin 100 daga gwamnatin René Lévesque. Dalilin adadin lissafi ne kawai: mai hutu ba ta biyan wasu kuɗaɗen da ake cirewa daga albashi, kamar na fansho da na inshora, waɗanda aka ƙiyasta sun kai kusan kashi bakwai. Saboda haka abin da zai shiga hannunta ya yi kusa da abin da ta saba karɓa.

Ƙungiyar ma'aikatan gidan waya ta Kanada, wadda aka fi sani da CUPW, ta ɗauko wannan buƙata ta kai ta Ottawa. Mambobinta kusan 23,000 ne, masu tantance wasiƙu da masu zama a kanta, kuma maza sun fi mata yawa a cikinsu. Shugabanta Jean-Claude Parrot bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba, inda ya yi wata biyu a 1980 saboda ƙin umartar mambobi su koma aiki lokacin da majalisa ta yi dokar karya yajin 1978. Aikin farko da ƙungiyar ta yi a cikin gida ne: shawo kan maza cewa haihuwa lamari ne na iyali baki ɗaya, domin albashin da mace ta rasa gidan ne ya rasa shi. Ta kuma nemi goyon bayan ƙungiyoyin mata a faɗin ƙasar.

Kwamitin sasantawa ƙarƙashin Pierre Jasmin ya ba da shawarar a amince da hutun mai albashi. Gwamnatin Pierre Trudeau, ta bakin Donald Johnston mai kula da hukumar baitulmali, ta ƙi. Kuɗin da gidan waya zai kashe ba su da yawa, tun da matan da ke haihuwa a shekara kaɗan ne cikin dubban ma'aikata. Abin da gwamnati ta hango shi ne abin da zai biyo baya: idan aka ba wa waɗannan, sauran ma'aikatan tarayya za su nema, daga nan kamfanoni. A ƙarshen watan Yuni na 1981 aka tsunduma yajin aiki, a zamanin da takardun biyan kuɗi da kwangila da odar kaya duk ta wasiƙa suke tafiya. Ƙananan 'yan kasuwa suka ji jiki, jaridu da dama suka caccaki ƙungiyar. Bayan shiga tsakanin mai shari'a Alan Gold, aka daidaita a watan Agusta.

Abin da aka amince da shi mako 17 ne a kan kashi 93 cikin 100. A makonni biyun da inshora ba ta biya, gwamnati ce za ta biya. A sauran 15 kuma za ta cike giɓin da ke tsakanin kuɗin inshora da kashi 93. Wannan tsari na ciko shi ne ya sa abin ya yi saurin yaɗuwa, domin mai ɗaukar aiki ba ya ɗaukar dukan nauyin. Hasashen gwamnati ya tabbata: cikin shekarun 1980 sauran ƙungiyoyin ma'aikatan tarayya suka samu irinsa. An haɗa shi da sharaɗi guda da har yau yake aiki, wato wadda ta karɓi cikon sai ta koma ta yi aiki na wani lokaci, in ba haka ba ta maido da kuɗin.

Doka ta biyo sahu daga baya. A 1984 aka soke ƙa'idar mako goma, aka kuma ba masu ɗaukar riƙon yara tallafi. A 1989, a shari'ar Brooks da kamfanin Canada Safeway, Kotun Ƙoli ta warware hukuncin Bliss. Babban mai shari'a Brian Dickson ya bayyana cewa bambanci saboda ciki bambancin jinsi ne, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa rabin al'umma kuɗin abin da kowa yake amfana da shi. A 1990 aka ƙara mako goma na hutun renon da uwa ko uba zai iya ɗauka, aka kai shi mako 35 a ƙarshen 2000. Kebek ta kafa nata asusun a 2006 ta ware makonni na uba shi kaɗai, tarayya kuma ta yi makamancin haka a 2019.

Duk da wannan tsawaitawa, kuɗin inshora sun sauka zuwa kashi 55 cikin 100, suna da iyakar da ba sa wucewa, kuma a wajen Kebek sai mutum ya tara awa 600 na aiki kafin ya cancanta. Ciko ya zama shi ne bambancin wadda za ta iya zama da jaririnta shekara guda da wadda haya da cefane za su mayar da ita aiki da wuri. Alƙaluman hukumar ƙididdigar Kanada na 2008 sun nuna cewa kusan uwa ɗaya cikin biyar ce take samun ciko: kusan rabin ma'aikatan gwamnati, amma a kamfanoni ba su kai ɗaya cikin goma ba. Abin da aka samo ta yarjejeniya yana tsayawa a inda yarjejeniyar ta tsaya, kuma fiye da shekara arba'in bayan yajin, mai aikin shago ko gidan abinci da ba ta da ƙungiya a wajen Kebek tana karɓar ƙasa da kason da dokar 1971 ta fara bayarwa.