Anini

anini (suna, namiji, jam'i: aninai). Ƙaramin kuɗin ƙarfe na zamanin Turawan mulki a Afirka ta Yamma, mai huji a tsakiya da tauraro mai tsini 6 a bayansa. A lokacin, anini 10 ke yin kwabo, 120 ke yin sule. An fara buga shi a 1907 da sanholo, daga 1908 aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel, a 1952 kuma tagulla. Da wannan suna ake kiran maɓallin riga da tauraron kafaɗar hafsa.

Masu tara tsofaffin kuɗi sun fi yin gardama a kan farashinsa, kuma mai sayarwa yakan kafa hujja da tsufa. Hujjar ba ta da ƙarfi. Abin da ke ɗaga darajar anini shi ne ƙarancin irinsa da lafiyar jikinsa, shi ya sa gwani ke fara duba shekara, sannan ya nemi ɗan harafin ma'aikatar da ta buga shi: H na Heaton, KN na King's Norton, duka a Birmingham. Wani zai ce ai na 1936 mai sunan Sarki Edward na 8 dole ya yi tsada, tunda a shekarar ya hau ya kuma sauka. Tarihinsa abin so ne ƙwarai, amma an buga shi da yawa, har yau bai yi wuyar samu ba. Na sanholon farko, wanda saurin lalacewa ya sa aka daina, shi ne samun mai tsabta ke da wuya. Mai goge anini da toka don ya yi ƙyalli kuwa, rubutun yake cinyewa, farashin ya faɗi.