Daga Gidan Yarin Amurka Zuwa Ɗakin Tiyata: Tarihin Ketamin

In an taɓa yi wa wani naka tiyatar gaggawa a ƙaramin asibiti irin na Tsafe ko Bungudu, ba mamaki allurar da ta sa shi barci ketamin ce. Ko ka san daga inda ta fito?

A 1962 wani masanin haɗa sinadarai, Calvin Stevens, ya haɗa ta wa kamfanin Parke-Davis na Amurka. Shekara biyu bayan nan, likita Edward Domino da abokin aikinsa Guenter Corssen suka fara gwada ta a jikin mutane. Su wa aka samu? Fursunoni ashirin na gidan yarin Jackson a jihar Mishigan. An ce da yardarsu aka yi. To amma wanda yake kulle, yana neman sassauci wurin masu tsaronsa, yaya ƙarfin "a'a" ɗinsa yake? Irin wannan tambaya ce ta sa Amurka ta tsaurara dokokin gwaji a kan fursunoni a 1978.

Maganin kuwa ya yi rana. Yawancin magungunan sa barci suna danne numfashi, su sauke hawan jini, shi ya sa sai da na'ura da oksijin. Ketamin ba kasafai take yin haka ba, kuma ana iya yin ta ko a tsoka. Ga mai naƙuda da jini ya ɓalle mata cikin dare, babu wuta, Gusau kuma da tazara, wannan bambanci na iya zama rai. Illarta ita ce gane-gane da firgita lokacin farfaɗowa.

Wannan gane-ganen ne ya jawo masu shaye-shaye. A 2015 ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ketamin cikin ƙwayoyin da ake taƙaita cinikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi goyon baya, don kada asibitocin karkara su rasa ta, aka jingine batun.

Tambayar gidan yarin Jackson ba ta tsufa ba. A wurarenmu sau da yawa miji ko uba ke sa hannu a takardar tiyata, ita marar lafiyar ba a ko tambaye ta ba. Ran da aka miƙo maka wannan takarda, ka nemi a yi mata bayani da Hausa: wace allura ce, me za ta ji in ta farka. Jikin nata ne, yardar ma tata ce.