Garin New Lanark

A ƙasar Sikotlan, a bakin kogin Kilaid, akwai wani ɗan gari da ake kira New Lanark. Wani attajiri, David Dale, shi ya kafa shi cikin shekara ta 1785, don ruwan kogin ya riƙa juya masa injunan kaɗin auduga. Cikin ma'aikatansa akwai yara wajen 500, yawancinsu marayu ne da aka kwaso daga Gilasgo da Edinbara.

A 1800 sai surukinsa, Robert Owen, ya karɓi riƙon wurin. Da ya ga ƙananan yara suna yini cikin ƙurar auduga, sai ya hana ɗaukar wanda bai kai shekara 10 ba. Abokan cinikinsa suka yi gunaguni saboda kuɗin da yake kashewa, shi kuwa ya nemi waɗansu abokan. A 1816 ya buɗe makaranta, wadda ba a dukan yara a cikinta. Duk da haka riba ba ta yanke ba.

Aiki ya tsaya a 1968, gari ya kusa zama kufai, sa'an nan aka gyara shi. A 2001 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Har wa yau baƙo zai iske makarantar, da gidan Owen, da jerin gidajen ma'aikata na dutse.