Tarihin Modam: Yadda Mutanen Farko Suka Zaɓi Tafintan Kwamfuta

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Yau ɗan kasuwarmu yana zaune a Sabon Ibadan ko Agege, ya aika hoton kaya Kano cikin ƙiftawar ido, ba ya ma tunanin ta ina saƙon ya bi. To amma akwai lokacin da haɗa kwamfuta biyu su yi magana sai an yi shiri, an kashe kuɗi, kuma wanda ya yi zaɓen tumun dare ya tafka asara. Wannan tarihi a Amurka ya faru, amma duk wanda ya taɓa awo da mudu zai gane shi.

A shekarar 1977 ne ƙananan kwamfutoci irin su Apple II da TRS-80 da Commodore PET suka fara shiga gidajen mutane a can. Kowace tana zaune ita kaɗai, ba ta san da 'yar uwarta ba. Hanyar da ake da ita a kowane gida kuwa ita ce wayar tarho, wadda aka yi domin muryar ɗan Adam, alhali ita kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya. Nan ne modam ya shigo. Aikinsa shi ne ya mai da lissafin kwamfuta ya zama ƙara mai kama da fito, ƙarar ta bi waya, modam ɗin ɗaya ɓangaren ya sake mai da ita lissafi. Wato dai tafinta ne, kuma mu da muke ciniki cikin mutanen da harshenmu ba ɗaya ba, ba sai an faɗa mana darajar tafinta ba.

Tambayar farko da mai saye yake fuskanta ita ce: ta ina za a jona shi? Da can kamfanin AT&T ba ya yarda a haɗa wata na'ura da ba tasa ba a kan layinsa. Saboda haka modam ɗin farko da mutane suka saba da shi yana da kofuna biyu na roba, sai ka buga lamba da hannunka, in ka ji fito ka ɗora kan tarhon a cikin kofunan. In yaro ya yi ihu kusa ko aka buga ƙofa da ƙarfi, rubutu ya rikice. Hukuncin Carterfone na 1968 ne ya fara karya wannan takunkumi, zuwa ƙarshen shekarun 1970 kuma aka iya jona modam kai tsaye a jikin layi. Ko a nan ma sai an kula, domin wani modam ɗin kati ne da ake cusawa cikin Apple II kaɗai, wani kuma, kamar VICMODEM na 1982, na Commodore ne. In ka canja kwamfuta, ya tashi aiki. Masu hangen nesa sai suka fi son na waje, mai akwatin kansa, wanda yake shiga kowace kwamfuta mai kafar RS-232.

Tambaya ta biyu gudu. Na farko gudunsu 300, wato kimanin haruffa 30 a daƙiƙa guda, har mai saurin karatu yana iya bin rubutun yayin da yake fitowa. Don mu gane, hoto ɗaya irin na wayoyinmu mai nauyin haruffa miliyan 3 zai ci fiye da awa 27 a wannan gudu. Daga baya aka sami 1,200, sannan 2,400. Lissafin ba na kuɗin saye ba ne kawai. Kiran nesa da minti ake biya, don haka mai araha mai nawa yana iya cinye ribarsa a takardar kuɗin waya cikin 'yan watanni. Araha dai ba ta ado.

Tambaya ta uku, wadda ta fi duka, ita ce harshe. A 1981 kamfanin da Dennis Hayes da Dale Heatherington suka kafa a birnin Atlanta ya fito da Smartmodem. Abin da ya bambanta shi shi ne kwamfuta tana iya ba shi umarni da rubutu, kowane umarni yana farawa da haruffa biyu, AT. Ka rubuta ATDT da lambar waya, ya buga da kansa. Ka rubuta ATH, ya ajiye. Masu rubuta manhaja suka rungumi wannan tsari, sauran kamfanoni suka ga ba makawa sai sun kwaikwaya. Ba a daɗe ba tambayar da ake fara yi wa mai kanti ta zama: yana jin yaren Hayes? In ba ya ji, komai kyansa, manhajar da ke hannun jama'a ba za ta iya sarrafa shi ba.

Ita manhajar kuwa ita ce rabin cinikin. Modam ba ya nuna komai da kansa, sai da manhajar sadarwa, wadda take riƙe lambobin waya, ta buga, ta sake bugawa in layi a cike yake, ta nuna abin da ya zo, ta adana shi a faifai. Dole kuma saitinta ya zo daidai da na wanda ka kira. Yawancin allunan sanarwa na masu sha'awa, irin wanda Ward Christensen da Randy Suess suka fara buɗewa a Shikago a watan Fabrairu na 1978, suna kan saitin da ake kira 8-N-1, shi kuwa CompuServe an san shi da 7-E-1. In ka saɓa, sai ka ga tarkacen alamomi a maimakon kalmomi.

Sai batun aika kaya, wato fayil. Layin waya yana da hayaniya, harafi ɗaya ya lalace, fayil duka ya ɓaci. Christensen ɗin nan ne ya rubuta hanyar da aka sani da XMODEM a 1977. Tana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace haruffa 128, a aika da ita tare da jimlar lissafinta. Mai karɓa ya ƙirga, in ya yi daidai ya ce a ci gaba, in bai yi ba a sake turo wannan gunduwar kaɗai. Kamar dai yadda masu goro ke ƙirga ƙwarya-ƙwarya, ba sa jira sai an gama huhu kafin a gano giɓi. Jami'ar Columbia ta fito da Kermit a 1981. A 1986 kuma Chuck Forsberg ya kawo ZMODEM, wadda ba ta tsayawa jiran amsa bayan kowace gunduwa, in layi ya yanke kuma daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Manhajoji irin su Qmodem da ProComm da Telix sun yi farin jini ne saboda suna jin waɗannan hanyoyi da yawa. Wani abin sha'awa ga ɗan kasuwa, Andrew Fluegelman ya raba manhajarsa PC-Talk a 1982 bisa amana: ka kwafa, ka gwada, in ta yi maka ka aiko da kuɗi. Mutane kuwa suka aika.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen tseren gudu. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanoni suka gaji da jira, kowa ya ƙirƙiro tasa hanyar: US Robotics da HST, Telebit da Trailblazer. Biyu iri ɗaya in sun haɗu sai su yi gudun 9,600 ko fiye, amma in aka haɗa na wannan da na wancan sai su koma 2,400. Ka biya kuɗin doki, ka hau jaki. Sai da aka daidaita a kan ma'aunin ƙasa da ƙasa, V.32bis mai gudun 14,400 a 1991, da V.34 mai 28,800 a 1994, kasuwa ta nutsu. A 1997 aka sake maimaita rigimar tsakanin x2 da K56flex, har sai da V.90 ya raba gardama a 1998. Shi kansa kamfanin Hayes bai tsira ba. Masu kwaikwayo sun karya farashi, ya shiga matsalar bashi a 1994, ya rufe a 1999.

A nan gida Nijeriya, kaɗan ne suka ga wannan zamani a ɗakunansu, domin kafin yaɗuwar wayar salula daga 2001 layukan tarho a ƙasar duka kimanin rabin miliyan ne kawai. Amma gadon ya iso mana. Ɗan modam ɗin nan mai layin waya da aka yi yayin cusawa a kwamfuta, da ƙananan na'urori masu ɗauke da layi a cikinsu, da umarnin AT ake sarrafa da yawansu har yau. Kamfani ya mutu, yarensa yana nan.

Darasin a fili yake, musamman ga yaranmu da ke zuwa Ikeja da Alaba saro kayan lantarki. Kafin ka tambayi gudun na'ura ko kyan kwalinta, tambayi da wa za ta yi magana, kuma in ta lalace wa ya san ta. Mudun da kasuwa duka ta yarda da shi ya fi mudun mutum ɗaya, ko da na azurfa ne. Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare mu daga asara, amin.